Shekarar da Hayaƙi Ya Shiga Inabi

Ku 'ya'yana da jikokina, akwai maganar da take yawo a kan gidanmu a unguwar Tandabawi ta nan Makka, na kuma san ta iso kunnuwanku ko da ba ku taɓa ɗaga mini ita ba. Ana cewa yayanku Sirajo yana can ƙasar Turawa yana haɗa giya, cewa ni na sallame shi da bakina, cewa mahaifiyarku Hajiya Saudatu ta koma ga Allah tana fushi da shi. A cikin maganganun nan uku, ta tsakiyar ce gaskiya. Ni na ce ya tafi. Sauran biyun zan faɗa muku yadda suke, domin a gabana aka yi, waɗanda suke yaɗa su kuwa ba sa nan. Idona ya fara rauni, shi ya sa na ga gara in ajiye muku wannan babin tun ina iya karanta abin da hannuna ya rubuta.

Kun tashi kun gan ni a cikin kayan marmari. Tun ina da ƙarfina nake aiki a shagon kafilina, wato ɗan ƙasar da ya tsaya mini nake zaune da sunansa, a Aziziyya, kuma ni ake turawa sayen kaya. Idan lokacin inabi ya yi, ba na tsayawa a halaga, wato babbar kasuwar kayan gwari da na marmari, in saya a hannun dillalai. Hawa nake yi har Ɗa'if ta hanyar Hada, wadda take murɗewa a jikin dutse birai suna zaune a bakinta, in bar zafin Makka a ƙasa in shiga iska mai sanyi. A can gefen Shafa akwai gonar wani dattijo Balarabe da ake kira Abu Nayif. Kakansa ne ya dasa kuringar da ke gonar, wato itatuwan inabin, inabin fari ne ƙanana masu siririn ɓawo, idan ka ɗaga nono guda a rana kana hango ƙwayar da ke ciki. A wurinsa nake saye kowace shekara, har muka zama ba ma ciniki, shi ya faɗa ni in loda.

Sirajo shi ne ɗanmu na fari. A nan Makka aka haife shi, a nan ya yi wayo, Larabci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa, kamar yawancinku. Ba zan lissafa muku makarantunsa ba. Abin da za ku riƙe shi ne ya je Malesiya ya karanta kimiyyar abinci, ya dawo da digiri na biyu, ya tarar babu wurin da zai sa ƙafa. Fasfonsa na Najeriya ne, ƙasar da bai san ta ba sai a ziyara. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin sunana take, kuma shekarunsa sun kai inda ba za a ƙara sabunta masa a kaina ba. Ko dai ya samu kafilin da zai ɗauke shi aiki, ko ya bar ƙasar. A shekarar ne kuma aka fara ɗora wa baƙi kuɗi a kan kowane mutum na iyali da suke riƙe da shi, gidaje da yawa a unguwarmu suka fara ɗaure kaya. Ya yi ta kai takardunsa kamfanonin abinci a Jidda, ana karɓa ana cewa za a kira shi. Na ga yaron nan yana komawa shiru. Da safe ya raka ni shago ya jera akwatuna, da yamma ya zauna a kan matakalar gida yana kallon wayarsa.

Ranar wata Juma'a ce ya yi maganar. Mun dawo daga Harami, mahaifiyarku ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka, an shimfiɗa leda a falo. Yayana Malam Haruna yana tare da mu kamar yadda ya saba. Ku ƙanana ba ku san matsayinsa a wurina ba. Shi ya kawo ni Makka, shi ya nema mini kafili, shi ya tsaya mini a aurena. Ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba.

Sirajo ya ajiye cokali ya ce, "Abuya, na samu gurbi. Wata jami'a ce a Ostireliya, karatun digiri na uku. Gwamnatin ƙasar ce take ɗaukar nauyin binciken, za su biya karatun, su ba ni abin zama."

Mahaifiyarku ta ce, "Alhamdu lillahi," ta ɗaga hannuwa.

Na ce, "Binciken me?"

Ya ce, "Hayaƙi. A can idan rani ya yi daji yana kamawa da wuta, hayaƙin ya zo ya kwanta a kan gonakin inabi, ya shiga cikin 'ya'yan ya ɓata su. Manoma suna asara. Ana so a gane yadda yake shiga, da yadda za a gano shi tun kafin a tsinke."

Na yi dariya don murna. Na ce ashe ɗan mai inabi inabi zai gada. Malam Haruna bai yi dariya ba. Ya gama tauna lomar da ke bakinsa, ya dubi Sirajo.

Ya ce, "Inabin ci ne?"

Ina so ku lura da wannan wurin. Yana iya cewa eh, babu wanda zai bi shi Ostireliya ya duba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a, Baffa. Yawancinsa na giya ne."

Mahaifiyarku ta miƙe ta shiga kicin, muka ji ta buɗe famfo ta daɗe ba ta rufe ba. Malam Haruna ya wanke hannu, ya yi magana a hankali, bai yi faɗa ba. Ya tuna mana abin da kowane Musulmi ya sani, cewa zunubin giya bai tsaya a kan mai sha ba, ya haɗa da mai matsa ta da mai ɗaukarta da mai cin kuɗinta. Ya ce daga tagar ɗakin nan ana jin kiran sallar Harami, bai kamata a ce daga wannan gida aka tura wa masu giya ma'aikaci ba. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Isa, ɗanka ne. Amma idan ka yarda, kai za a fara tambaya."

Kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. Na je Harami na tambayi malamai biyu cikin masu zaman amsa tambaya. Na farko bai bari na gama ba ya ce a nisanci abin. Na biyun ya yi ta yi mini tambayoyi: shin yaron zai matsa, zai sha, zai sayar? Na ce a'a, awo zai yi a ɗakin gwaji. Ya ce sanin yadda hayaƙi yake shiga ɗan itace ilimi ne, ba giya ba ne, amma aikin yana daf da iyaka ƙwarai, kuma wanda ya iya samun wani ya fi masa. Na fito da amsa biyu a hannu, na koma gida kamar yadda na fita.

A tsakiyar wannan ne inabin Abu Nayif ya sauko. Na ji labarin an yi gobara a duwatsun da ke bayan gonarsa, amma ya ce mini a waya wutar ba ta taɓa masa ko ganye ba, ta tsaya a ƙetaren kwari. Na hau na ɗauko kayan farko. Inabin ya yi kyau kamar kullum, na jefa ɗaya a baki a tsaye, na ji zaƙi, na loda. Kafin mako ya zagayo sai masu saye suka fara dawowa. Wata mata ta ce 'ya'yanta sun ƙi ci. Wani mai otal ɗin alhazai ya dawo da akwatunan ya ce warin taba suke yi. Na zauna a bayan shago na tauna ɗaya a hankali. Da fari zaƙi ne, sai bayan na haɗiye na ji wani abu ya taso a maƙogwarona kamar na lashi tokar murhu, ya ƙi tafiya. Na wanke wani da ruwa, na sake wankewa, bai canza ba. A halaga kuwa magana ta bazu cewa Abu Nayif ya fesa wa gonarsa mugun magani, dillalai suka daina ɗaga wayarsa.

Na ce wa Sirajo ya tuƙa ni mu je, domin ba na son in mayar wa mutumin nan kayansa ta hannun direba. Da muka wuce Shafa sai muka ga duwatsun sun yi baƙi, itatuwan da suka saba rufe su sun zama sanduna a tsaye. Gonar tana nan kore a tsakiyar wannan baƙin. Mun tarar da Abu Nayif a zaune a ƙarƙashin rumfar kuringa, ya rame, a gefensa ga wani mai motar haƙa da ya kira suna magana. Ya rantse mini da Allah bai fesa komai ba. Ya ce tunda ba magani ba ne, to cuta ce ta shiga saiwa ko ƙasa, kuma gara ya tumɓuke kuringar duka kafin ta kama ta maƙwabta.

Sirajo ya tambaye shi da Larabcinsu, "Ya Ammi, hayaƙin ya daɗe a nan?"

Ya ce, "Kwanaki. Ba ma ganin juna daga nan zuwa rijiya."

"Inabin ya fara nuna a lokacin?"

"Ya fara laushi."

Sirajo ya durƙusa a gabansa, ya ɓare ƙwaya ɗaya, ya ɗaga masa ɓawon. Ya ce hayaƙin ta nan yake shiga, idan ya shiga sai ya haɗu da sukarin da ke ciki ya ɓuya, shi ya sa hanci ba ya jin sa, ruwa kuma ba ya wanke shi, sai ya haɗu da yawun baki yake kwancewa. Ya ce abin da masu bincike suka gano zuwa yanzu shi ne ɗanɗanon na 'ya'yan wannan shekarar ne, ba ya zama a saiwa, ba ya zama a ƙasa. Na bana ya tafi, amma kuringar lafiyarta ƙalau, kada ya taɓa ta.

Dattijon ya yi ta kallonsa. Ya ce, "Ka tabbata, ya waladi?"

Ya ce, "Abin da na karanta ke nan, kuma ba wuri ɗaya na karanta ba. Ka jira baɗi. Idan na yi kuskure, shekara ɗaya ka rasa. Idan ka tumɓuke, aikin kakanka ka rasa."

Abu Nayif ya sallami mai motar. Ya tambaya ko akwai maganin da za a sa kafin hayaƙi ya zo. Sirajo ya ce babu tukuna, shi ake nema, kuma shi ma an kira shi cikin masu neman. Bai tsaya nan ba, ya faɗa masa irin inabin da ake binciken a kansa. Dattijon ya ce a'uzu billahi, ya kawar da kai, bai ƙara tayar da zancen ba. Amma da za mu tafi ya cika mana bayan mota da rumman, ya riƙe hannun Sirajo har ƙofar gona.

A hanyar saukowa muka tsaya sallar La'asar a wani ƙaramin masallaci a Hada. Bayan mun idar muka tsaya a bakin katangar da ake hango kwarin Makka a ƙasa. Tun da ya dawo daga Malesiya ban ga yaron nan ya yi magana kafaɗarsa a miƙe ba sai ranar, a gaban Abu Nayif. Wannan ya tsaya mini a rai.

Na ce, "Za ka sha?"

Ya ce, "Wallahi a'a, Abuya."

"Za ka ɗanɗana?"

"Suna da mutanen da suke ɗanɗanawa. Ni da na'ura zan yi aiki, a kan ɓawo da ruwan inabi. Na faɗa musu tun a hirar farko, sun yarda." Ya ƙara da cewa, "Amma ba zan ruɗe ka ba. Abin da na gano, masu giya ne za su fara amfani da shi. Irin su Abu Nayif sai daga baya."

Na ce, "Idan na ce a'a fa?"

Ya ce, "Shi ke nan, ba zan je ba. Iƙama ta ƙare in tafi Kano, in ga abin da Allah zai yi."

Da ya yi mini gardama da ya fi mini sauƙi. Sai ya ɗauki kayan duka ya ɗora mini. Na yi tunanin Malam Haruna, na yi tunanin mahaifiyarku a bakin famfo. Na kuma yi tunanin cewa ko ta wace hanya yaron nan barin Makka zai yi, ba ni da ikon riƙe shi. Abin da ya rage a hannuna shi ne ya fita zuwa aikin da ya iya, ko ya fita zuwa garin da ba shi da kowa sai dangin da bai san fuskarsu ba. Na ga da idona ilimin nan ya hana a tumɓuke gonar Musulmi. Na kuma ji da kunnena sau uku ya faɗi gaskiyar da za ta cuce shi. Na ce a raina wanda ya ƙi yi mana ƙarya a kan tuwo ba zai yi mana ita daga nesa ba.

Na ce, "Ka je. Idan akwai laifi a ciki, mu biyu za mu tsaya a gaban Allah."

Washegari da safe na sami mahaifiyarku tana dama koko, na faɗa mata. Ba ta daina damawa ba. Ta ce, "Malam, kai ka ce ya tafi, ni ban ce ba. Ba kuma zan yi masa baki ba, ni na haife shi. Abu biyu za ka faɗa wa yaron nan. Kada ɗigo ɗaya ya taɓa leɓensa. Kuɗin aikin nan kuma kada ya shigo tukunyata." Na ce ta faɗa masa da kanta. Ta ce idan ta buɗe baki a gabansa kuka za ta yi, ba ta kuma so ya tafi da kukanta.

Malam Haruna na je na same shi a gida. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya ji. Daga ranar ya daina zuwa gidanmu. Idan muka haɗu a masallaci yakan amsa sallamata, ya tambayi lafiyar iyali, ya wuce. Maganar ta fita unguwa, kuma kun san yadda magana take girma idan ta fita. Mutanen da suka fara neman auren Zahra'u, ƙanwar Sirajo, suka ja da baya ba tare da sun faɗi dalili ba. Zahra'u, ke kin san abin da kika haɗiye a lokacin, ban manta ba. Wasu da muka yi shekaru muna shan shayi tare suka koma gaishe ni daga nesa.

Da lokacin tafiya ya yi aka buga masa huruj niha'i, wato fita ta ƙarshe. Ma'anarsa daga ranar ya daina zama mazaunin garin da aka haife shi, idan zai dawo sai da biza kamar kowane baƙo. Mahaifiyarku ba ta raka mu Jidda ba. Amma ita ta haɗa masa jaka, ta sa kuka da daddawa da yaji da dabino, duk da ya ce mata za a ƙwace su a filin jirgin can, kuma an ƙwace. Ta tsaya a saman matakala, ya durƙusa ya sumbaci hannunta, ta ɗora ɗaya hannun a kansa ta daɗe tana motsa baki.

Ga abin da masu magana ba su sani ba. Babu Juma'ar da ta wuce ba ta yi magana da shi ba. Zahra'u takan riƙe mata waya suna ganin juna, mu nan da hantsi, shi can rana ta faɗi. Takan sa shi ya buɗe firij ya nuna mata abin da ke ciki, ta yi masa faɗa ya rame, ta tambayi nisan masallaci. Wata rana ya nuna mata wurin aikinsu, yadda suke rufe layin kuringa da tantin leda su ƙona tattaka su hura hayaƙin ciki, sannan su tsinki 'ya'yan su kai awo. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Duk karatun nan ashe mai turara inabi aka mayar da kai." Kuɗin jami'a kuwa ba ta taɓa karɓa ba. Da ya ga haka sai ya nemi aikin ƙarshen mako a shagon wani mahauci Musulmi, yana yanka nama yana wanke katako, abin da ya samu a can shi yake aiko mata daban. Wannan takan karɓa, ta sa masa albarka. Na kuma koma gonar Abu Nayif a shekarar da ta biyo, inabinsa ya fito tas, na faɗa mata, ta ce Allah ya ƙara.

A shekara ta biyu da tafiyarsa, cikin watan Zulƙida, gari ya cika da alhazai, ta faɗi a kicin. Jini ne ya hau mata, ɓarin jikinta ya mutu. A ranar muka faɗa wa Sirajo, ba mu ɓoye masa ba. A wancan lokacin ana rufe bizar Umara idan Hajji ya gabato, kujerun Hajji kuma an daɗe da rabawa. Babu ƙofar da bai buga ba. Ya je ofishin jakadanci, ya bi kamfanonin jigilar alhazai, ni ma na bi ta wurin kafilina. Kowa ya tausaya, babu wanda ya iya. Mutane daga kowace ƙasa ta duniya suna kwarara cikin Makka, ɗan da aka haifa a Tandabawi yana can bai da hanyar shiga. Wannan shi ne abin da amsar da na bayar a Hada ta jawo mana, kuma na san shi. Da Kano ya tafi ma haka za ta faru, na sha faɗa wa kaina, amma faɗar ba ta rage mini komai ba.

A asibiti maganarta ta dawo kaɗan, a karkace. Wata safiya ta yi wa Zahra'u alama da ido ta kira shi. Aka ajiye wayar a kan matashinta. Kun san shi ɗan fari ne, saboda kara ba ta taɓa kama sunansa ba tun haihuwarsa, yaron nan take cewa. Ranar ta kama.

Ta ce, "Sirajo."

Ya ce, "Na'am, Ummi." Ya ce, "Ki yafe mini."

Ta ce, "Ba ka yi mini komai ba. In ma ka yi, na yafe duniya da lahira." Ta huta, ta ja numfashi, sannan ta ce, "Aikin naka dai har yanzu ba na son sa."

Ya yi dariya yana kuka, ya ce ya sani. Ta ce ya riƙe salla. Ni da Zahra'u da wata ma'aikaciyar jinya muna tsaye, duk mun ji. Wannan ita ce maganarsu ta ƙarshe. Duk wanda ya ce muku ta tafi da fushi, ku tambaye shi ko yana ɗakin.

Ta rasu kafin a fita Mina. Aka yi mata salla a Harami bayan La'asar, alhazan da ba su san ko sunanta ba suka cika sahu har waje. Aka kai ta maƙabartar Shara'i. Malam Haruna ya zo ba tare da na aika masa ba, ya kama makara, ya tsaya a bakin kabari har aka gama. Ni kuwa ban san inda nake ba a ranar, riƙe ni aka yi aka kai ni, riƙe ni aka yi aka dawo da ni.

Sai da aka buɗe Umara Sirajo ya samu shigowa. Na tare shi a Jidda yana sanye da harami, a fasfonsa an rubuta masa ranar da zai fita. Bayan ya gama ɗawafi da sa'ayi ya yi aski, ya ce in kai shi wurinta. Muka je da safe. Kun san kaburburan nan ba a rubuta suna, duwatsu ne ƙanana a jere, fili bayan fili, duk iri ɗaya. Na san ɓangaren da take, amma na yi ta bin layi ina dawowa, na kasa cewa ga shi. Tun rasuwarta a bakin filin nake tsayawa in yi addu'a. Na tsaya a tsakiyar rana ina juyawa, kunya da baƙin ciki suka rufe ni.

Sirajo ya ce, "Abuya, zauna a inuwa. Ina zuwa."

Ya ɗauki mota ya tafi. Ban tambaye shi ina za shi ba. Daga baya ya faɗa mini gidan Malam Haruna ya je. Ya ce da baffan nasa ya buɗe ƙofa ya daɗe yana kallonsa, shi kuma ya gaishe shi ya ce, "Baffa, mun kasa gane kabarin Ummi." Malam Haruna ya juya ya ɗauko sandarsa ya sa takalmi.

Na hango su suna shigowa ta ƙofar maƙabarta. Malam Haruna ya wuce ni ya yi mini sallama, ya shiga tsakanin layukan ba ya ko waige, mu muna biye. Ya tsaya a gaban wani dutse da bai bambanta da na kusa da shi ba, ya nuna da sanda.

Ya ce, "Nan."

Sirajo ya durƙusa ya yi mata sallama, sai kuka ya ƙwace masa, irin wanda ban taɓa ji daga bakinsa ba ko yana yaro. Muka bar shi. Malam Haruna ya ɗaga hannu yana addu'a, na ga gemunsa ya jiƙe. Da yaron ya lafa, ya taɓa kafaɗarsa.

Ya ce, "Maganata a kan aikinka tana nan yadda take, ban janye ba."

Sirajo ya ce, "Na sani, Baffa."

Ya ce, "To tashi. Rana ta yi zafi, ƙafata kuma ba ta da ƙarfi. Riƙe ni."

Sirajo ya miƙe ya kama damtsensa, suka nufi ƙofa a hankali, tsohon yana dogara da shi. Ni na tsaya na ƙirga layin daga katanga don kada ya sake ɓace mini, na yi mata sallama, sannan na bi bayansu.

Allah ya jiƙan Saudatu, ya haskaka makwancinta, ya yi mana hukunci da rahamarsa.